Zauren da Ba a Rufe Ƙofarsa: Abin da Tarihin Zariya Ya Ce Game da Karatun Gida

A wani taron suna da na halarta cikin birnin Zariya, bayan an yi addu'a an raba goro jama'a sun ragu, hira ta kai mu ga zancen makarantar yara. Wani abokina, ma'aikacin jami'a mai 'ya'ya huɗu, ya ce shi da maiɗakinsa suna shawarar cire biyu daga cikin yaran daga makarantar kuɗin da suke zuwa, su riƙa koyar da su a gida. Ya lissafa dalilansa ɗaya bayan ɗaya: kuɗin makaranta ya ninka, kuɗin mai kai su da dawo da su ya kusa kamo kuɗin makarantar, ɗansa na aji huɗu ba ya iya karanta shafi guda ba tare da gargada ba, ga kuma wasu kalmomi da yarinyar ta fara shigowa da su gida waɗanda ba a gidan ta ji su ba. Uwar yaran tana da digiri, shi ma yana da biyu. Ya ce, me zai hana?

Wani dattijo, kawun mai jegon, ya daɗe yana saurare bai ce uffan ba. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Malam, ai wannan ba baƙon abu ba ne. Ni a wannan zauren da kuke zaune na yi babbaƙu da farfaru." Abokina ya yi murmushi, ya ga ya sami mai goya masa baya. Sai dattijon ya ƙara da cewa, "Amma ba ka tambaye ni mu nawa ne a zauren ba."

Wannan tambaya ce ta sa na zauna rubuta wannan maƙala. Iyaye da yawa daga cikin masu ilimin zamani a Arewa sun fara tunanin karatun gida, kuma hujjar da aka fi kawowa ita ce kakanninmu ma a gida suka yi karatu. Maganar gaskiya ce. Sai dai gidan da suka yi karatun a cikinsa, da irin tsarin da ya riƙe shi, sun sha bamban da gidan da muke ciki yau. Wanda zai ɗauki wannan mataki ya kamata ya san abin da ke cikin wancan gado, da abin da ya ɓace daga cikinsa.

Birnin da gidajensa ne makarantunsa

Kafin zuwan Turawa, Zariya ba ta da wani gini da aka keɓe aka ce nan ne makaranta. Duk da haka sunanta ya yi nisa a fagen ilimi, musamman nahawu da luggar Larabci, har almajirai kan taso daga ƙasashe masu nisa don su zauna gaban malamanta. Unguwanni irin su Kona da Juma sun shahara da gidajen malamai tun kafin jihadi, kuma har yau sarautun Limamin Kona da Limamin Juma suna nan a matsayin shaida. Da jihadi ya zo a farkon ƙarni na 19, wanda ya karɓi tutar Zazzau, Malam Musa, shi kansa almajirin Shehu Usmanu ne. Sarauta da malanta suka ci gaba da zama maƙwabtan juna a cikin ganuwa.

Karatun yana da matakai sanannu. Yaro kan fara da allo tun yana ɗan shekara huɗu ko biyar: babbaƙu, wato sanin haruffa, farfaru, wato haɗa su da wasula, sannan ya shiga surori yana wankewa yana sake rubutu har ya sauke. Ana karatu daga Asabar zuwa Laraba, a huta Alhamis da Juma'a, iyaye kuma su aika da kuɗin Laraba. Wanda ya sauke ya so ci gaba sai ya koma karatun littattafai: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, har zuwa Muhtasar a fannin fiƙihu, Ajurumiya da Alfiyya a nahawu, Ishiriniya da Maƙama a lugga, Jalalaini a tafsiri. Babu aji, babu ƙararrawa. Kowane ɗalibi da littafinsa da inda ya tsaya, ya zo gaban malam ya biya, malam ya fassara masa, ya tashi na gaba ya matso.

Idan aka dubi wannan tsari da idon yau, za a ga ya ƙunshi abubuwan da masu karatun gida na zamani ke alfahari da su: kowane yaro na tafiya daidai ƙarfinsa, ba a jira shi ba, ba a kuma ja shi da ƙarfi ba, karatu da tarbiyya suna wuri guda, malami ya san ɗalibinsa da iyayensa da kakanninsa. Amma akwai ginshiƙai uku da suka riƙe shi, waɗanda sau da yawa akan manta da su idan ana yabonsa.

Na farko, zaure ba cikin gida ba ne. Shi ne iyakar da ke tsakanin gida da titi, kuma ƙofarsa a buɗe take. Yaran malam suna zaune kafaɗa da kafaɗa da yaran maƙwabta, da 'ya'yan barori, da almajiran da suka zo daga ƙauye. A nan yaro ke koyon jiran layi, da haƙuri da wanda ya fi shi, da taimakon wanda bai kai shi ba, domin gardawa ne ke biya wa ƙanana. Abin da dattijon nan ke nufi ke nan da ya ce a tambaye shi su nawa ne.

Na biyu, uba bai cika zama malamin ɗansa shi kaɗai ba, ko da kuwa shi ne babban malamin unguwa. Al'adar kunyar ɗan fari da al'adar riƙo sun sa yaro kan tashi a hannun baffa ko kawu ko kaka. Wanda ya karanta tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, zai ga yadda riƙo ya ratsa kusan kowane gida. Ita kanta Baba ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'ya ta aurar. Malamai ma sun san tausayin uba kan hana shi matsa wa ɗansa, ko kuma fushin uba ya wuce kima. Saboda haka sukan yi musayar 'ya'ya. Shehu Usmanu da kansa ya fara Alƙur'ani wajen mahaifinsa, ya ci gaba wajen 'yan'uwan iyayensa irin su Usmanu Bidduri, sannan ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru. A gida aka fara, amma tafiyar ba ta tsaya a gida ba.

Na uku, akwai masu dubawa daga waje. Ranar sauka ba bikin cin tuwo kawai ba ce. Yaro kan riƙe allonsa mai zayyana ya karanta a gaban malaman da ba su suka koyar da shi ba, kowa na ji. Ɗalibin ilimi kuma yana ambaton wajen wanda ya karanta kowane littafi, kuma garin ya san darajar kowane zaure. Malamin da almajiransa ba sa iya karatu ba ya ɓoyuwa.

Ɗakin da ke bayan zaure

Akwai wani sashe na karatun gida da ya fi zaure shiga ciki, shi ne na mata. Shehu Usmanu, a cikin Nurul Albab, ya soki malaman zamaninsa da ke koyar da almajiran waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ɗauki wannan kira ta mayar da shi tsari: ta horar da jajis, mata dattijai da ke zuwa daga ƙauyuka su karɓi karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma su koyar da 'yan'uwansu a cikin gidajensu. Wannan ƙungiya ita ce 'Yan Taru.

A biranen Hausa, har da Zariya, gidajen malamai sun fitar da mata masu ilimi waɗanda suka koyar da yaran unguwa a tsakar gida, kuma da yawa daga manyan mutanen ƙarni na 20 a hannun irin waɗannan mata suka fara. Malam Aminu Kano misali ne sananne: mahaifiyarsa mai ilimi ce, kuma ta sa hannu a karatunsa na farko. Sai dai gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, wannan rabo na gidajen malamai ne. Yarinyar da aka haifa a gidan da babu mai karatu, abin da ta samu shi ne 'yan surorin salla kafin a yi mata aure. Karatun gida yana gadar da abin da gida ke da shi, yana kuma gadar da abin da gida ya rasa. Wannan ita ce babbar illarsa tun wancan zamani, kuma ba ta gushe ba.

Ranar da makaranta ta zama gini

Turawa sun kama Zariya a 1902. Wani abin mamaki shi ne, makarantar boko ta farko a cikin birnin ita ma a gida ta fara. Likita Walter Miller, ɗan mishan na CMS wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila, ya sami izinin zama cikin ganuwa a 1905, bayan ya yi 'yan shekaru a Girku. A gidansa da ke Durumin Maigarke ya tara yara yana koya musu karatu da rubutun boko da lissafi, tare da addininsa. Ya so ya kafa makarantar 'ya'yan sarakuna, amma shirin bai yi nasara ba, domin iyaye sun gane cewa karatun da Kiristanci a kwano ɗaya aka zubo su. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda ya hau a 1903, malami ne kuma mawallafin waƙoƙi, kuma zamansa da mishan ɗin bai yi daɗi ba. An tuɓe shi a 1920 aka kai shi Lakwaja. Wajen 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa.

Daga wannan ƙaramar makaranta ne aka sami mutanen da suka yi wa tsararrakinsu fintinkau a aikin zamani. Dokta R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, daga wannan jama'a ya fito. Haka John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Mutanen birni suna kallo, suna ganin riba, suna kuma ganin farashinta.

Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wata hanya dabam. A 1909 Hans Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, ba tare da wa'azin mishan ba. Daga nan aka fara buɗe makarantun larduna. Ta Zariya ita ce ta zama Midil, daga baya ta zama Kwalejin Alhudahuda. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan ta sauka Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. A lokacin da wannan ke faruwa, ƙiyasin da Turawa suka yi da kansu ya nuna makarantun allo a Arewa sun kai kimanin 20,000. Wato boko bai tarar da fili ba kowa ba. Ya tarar da iyaye masu tsarin da suka yarda da shi.

A nan ne kakanninmu suka fuskanci tambayar da abokina ke fuskanta, amma a juye. Shi yana tunanin fitar da yaro daga makaranta ya dawo da shi gida. Su kuwa an ce su fitar da yaro daga gida su miƙa shi makaranta. Labarin yadda suka amsa sananne ne a kusan kowace zuriya. Idan dogari ko mai unguwa ya zo ɗaukar yara, wasu su ɓoye nasu a rumbu ko su tura su ƙauye wajen dangi, wasu masu hali su ba da ɗan bara a madadin ɗan cikinsu. Ba wauta ce ta sa su ba. Suna tsoron abin da iyayen yau ke tsoro: kada yaro ya tafi da tarbiyyar gida ya dawo da ta wasu.

Sakamakon ya bayyana bayan shekara talatin zuwa arba'in. Da aka fara shirin mulkin kai, ofisoshin En'e da na gwamnatin Jihar Arewa suka buƙaci masu takardar boko. Waɗanda aka tura makaranta a kan dole suka zama akawuna, malaman asibiti, 'yan majalisa, ministoci. Malamin da ya haddace Alfiyya, wanda zai iya warware jumlar Larabci mafi sarƙaƙiya, ya wayi gari a rijistar gwamnati cikin waɗanda ba su iya karatu ba, domin ajami da Larabci ba su ne rubutun ofis ba. Iliminsa bai ragu ba, amma ƙofofin da yake buɗewa sun ragu. Gangamin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, wanda Zariya ta zama cibiyar buga littattafansa albarkacin Kamfanin Gaskiya da ke Tukur-Tukur, ƙoƙari ne na cike wannan giɓi ga manya.

Waɗanda suka fi cin riba su ne gidajen da ba su zaɓi ɗaya suka yar da ɗaya ba. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939, ɗan gidan malamai ne da ya yi karatun Larabci kafin ya shiga Kwalejin Katsina, kuma wannan haɗin ne ya ba alƙalaminsa ƙarfi. Sa'adu Zungur ya yi zurfi a karatun gida wajen mahaifinsa kafin boko ya kai shi har Yaba. Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020, ya fara da karatun allo kafin ya shiga elemantare, ya kuma yi aikin koyarwa. Safiya ta makaranta, yamma da dare na zaure: wannan ce yarjejeniyar da birnin ya cim ma, kuma ta riƙe shi tsawon shekaru.

Yadda yarjejeniyar ta fara warwarewa

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya, UPE. Yara suka kwararo fiye da yadda aka yi tanadi, aka ɗauki malamai cikin gaggawa da gajeren horo. Da kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980, makarantun gwamnati suka fara zubewa, masu hali suka koma na kuɗi. A ɗaya ɓangaren, makarantun Islamiyya masu aji da benci da rigar makaranta suka karɓi yawancin aikin da zaure ke yi wa yaran birni. Gidajen gandu suka rarrabu. Ɗan da ya sami aiki ya fita daga ganuwa ya yi gini a Tudun Wada ko Samaru ko Kaduna, ya kewaye da katanga ya sa ƙofar ƙarfe. A irin wannan gida babu zaure, sai falo.

Shekarun baya-bayan nan suka ƙara wa iyaye dalilai. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa ta matakin aji huɗu, ta ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da ta sa ba. Ko me mutum zai ce game da yadda aka gudanar da jarrabawar, labarin ya girgiza amincewar iyaye. A watan Maris na 2020 annobar korona ta rufe makarantu wata da watanni, iyaye da yawa suka zauna da 'ya'yansu da littafi a karo na farko, wasu suka firgita da abin da suka gano yaran ba su sani ba, wasu kuma suka ga ashe za su iya. A 2021 aka yi ta satar ɗalibai a jihar, har da harin da aka kai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a nan Zariya cikin watan Yuni, sannan ga Kuriga a watan Maris na 2024. Cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 ya ɗaga kuɗin komai. Uban da ya ce zai riƙe ɗansa a gida ba ya rasa hujja.

Tunanin kansa, a sigarsa ta zamani, daga Amurka ya fi yaɗuwa. A can wani malami mai suna John Holt ya fara fitar da mujalla kan koyo ba tare da makaranta ba a 1977, kuma zuwa 1993 dukkan jihohi 50 sun halatta karatun gida. Amma abin da bidiyoyin intanet ba sa nunawa shi ne abin da ke kewaye da iyalin Ba'amurken: ɗakin karatu na gari kyauta, ƙungiyoyin iyaye masu haɗa yaransu mako-mako, manhajoji da aka tsara musamman, da jihohin da wasunsu ke buƙatar a gwada yaro lokaci-lokaci. Wato su ma sun gina nasu zauren. Ƙasashe kuma ba su yi ittifaƙi ba: Ingila ta yarda, Jamus ta hana, Faransa tun 2022 sai da izini.

A Nijeriya, dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ko mai riƙo ya tabbatar ɗansa ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala. Ta tanadi gargaɗi a karo na farko, tarar N2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu, sannan N5,000 ko wata biyu bayan haka. Dokar ba ta ambaci karatun gida ba, balle ta tsara yadda za a yi rijistarsa ko a duba shi. Ba a cika aiwatar da hukuncin ba, amma rashin tsarin yana nufin babu wata hukuma da za ta zo ta gaya maka cewa ɗanka ya tsaya cak. A matakin gama sakandare akwai mafita, domin WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, JAMB kuma sakamako take nema. A ƙasa da nan, takardar gama firamare da jarrabawar ƙaramar sakandare ta hannun makaranta ake samun su, don haka dole iyali su kasance da alaƙa da wata makaranta mai rijista.

Abin da za a ɗauka daga zaure

Tarihin nan ba ya yanke wa kowa hukunci. Akwai yaron da gida ya fi masa: mai larurar da ajin mutum sittin ba zai lura da ita ba, wanda ake cin zalinsa, ko wanda hanyar makarantarsa ta zama haɗari. Akwai kuma shekarun farko, daga huɗu zuwa bakwai, waɗanda uwa mai haƙuri da sa'a biyu a rana za ta iya koya wa yaro karatu da harshen da yake mafarki da shi fiye da makarantar da ke tilasta masa Turancin da malamar kanta ba ta ƙware a kai ba. Amma wanda zai kafa hujja da kakanni, to ya ɗauki tsarinsu gaba ɗaya, ya amsa tambayoyin da su suka amsa.

Su wa yaron zai zauna da su? In amsar ita ce ƙanwarsa da talabijin, to an rufe ƙofar zauren. Gida huɗu ko biyar na unguwa ɗaya ko na dangi za su iya haɗa yaransu, su raba darussa, su haɗa kuɗi su ɗauki malamin lissafi ko na kimiyya. A garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, masu iya koyarwa ba su yi ƙaranci ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wa zai koyar da abin da iyaye ba su iya ba? Digiri a aikin jarida ko shari'a ba ya sa mutum ya iya koya wa ɗan shekara shida haɗa baƙi da wasali, balle lissafin aji uku na sakandare. Malaman da sukan ce wa almajiri, "Nan ilimina ya tsaya, tafi wajen wane." Uban da ba zai iya furta wannan ba zai tsayar da ɗansa inda shi ya tsaya.

Wa zai gwada yaron wanda ba ya jin kunyar iyayensa? A sa ranar sauka ta zamani: ƙarshen kowane zango, wani malami daga waje ya zauna da yaron, ya ba shi abin da tsararrakinsa ke yi, ya faɗi gaskiya.

Wace takarda zai riƙe idan ya kai shekara goma sha takwas? Wannan ne darasin da ya fi ciwo a tarihin birnin. Ilimin da hukuma ba ta san da shi ba yana da daraja, amma mai shi kan sha wahala. A tsara hanyar jarrabawa tun ranar farko.

Sannan, a kan wa nauyin zai faɗa, kuma wa za a fara cirewa? A yawancin gidaje uwa ce za ta ajiye aikinta, kuma sau da yawa 'ya mace ce ake ganin ta fi dacewa da zaman gida yayin da ɗan'uwanta ke ci gaba da fita. In haka ta faru, an koma ga abin da Shehu ya soka shekara ɗari biyu da suka wuce, an dai sauya masa suna ne. Yarinyar da ke karatun gida tana buƙatar sa'o'in da ba mai aikenta, ba mai miƙa mata goyo.

Bayan wata biyu na sake haɗuwa da abokina. Bai cire yaran duka ba. Babban ya ci gaba da zuwa makaranta. Ƙaramar tana gida da safe tare da yara biyar na maƙwabta, a wani ɗaki da ke bakin ƙofar gidan surukinsa cikin birni, wata malama mai ritaya tana zuwa kwana huɗu a mako, iyaye mata biyu suna karɓa-karɓa a sauran. Sun yi magana da wata makaranta da za ta riƙa yi wa yaran jarrabawar zango. Ya ce zai gwada shekara guda ya gani. Na tambaye shi ko ya gaya wa dattijon nan. Ya ce ya gaya masa, kuma abin da tsohon ya tambaya kawai shi ne ko ana barin ƙofar ɗakin a buɗe.